Tarihin Magabata: Sardauna Ahmadu Bello da Shari'ar Gona da Shanu

Mai karatu, in akwai takardar naira 200 a aljihunka, ciro ta ka duba. A gaba ga hoton Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da rawaninsa. To, juya bayanta. Za ka ga shanu, ka ga dalar buhuna, ka ga kayan gona iri-iri. Tun shekarar 2000 da aka fito da wannan takarda take yawo a hannunmu, mai sayar da albasa ya miƙa wa mai sayar da goro, mai goro ya miƙa wa mahauci, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar abin da ya haɗa mutumin da ke gaba da shanun da ke baya. Abin da filinmu zai duba ke nan a wannan fitowa. Labarin siyasarsa an sha ba da shi, mu za mu bi shi ne ta gona da ruga da zauren shari'a, domin a can ne ya bar abin da har gobe yake taɓa abincin mutanenmu, na gida da mu da ke nan Kurmi.

An haifi Ahmadu a garin Rabah, gabas da birnin Sakkwato, a shekarar 1910, wato shekara bakwai bayan Turawa sun ci Sakkwato. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar na Rabah, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu. Ya yi karatun allo a gida, aka kai shi makarantar boko a Sakkwato, daga nan a 1926 ya wuce Kwalejin Katsina inda ake horar da malamai. Ya gama a 1931, ya koma Sakkwato ya yi shekara uku yana koyarwa a makarantar Midil. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Rabah, sarautar ubansa, yana da shekara 24.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don yaran yanzu sun ɗauka hakimi mutum ne mai hawan doki ran salla kawai. A wancan zamani hakimi shi ne gwamnatin da talaka ya sani. Shi ke ƙirga mutane don haraji, shi ke ƙirga shanu don jangali, kuma rigimar gona in ta fi ƙarfin mai unguwa da dagaci, ƙofarsa take zuwa kafin ta kai gaban alƙali. Gona kuwa a lokacin ba ta da takarda. Mutum yakan same ta ta gado, ko ya je wurin dagaci a nuna masa daji ya sare, ko a ba shi aro, ko ya karɓi jingina, wato ya ba mai gona kuɗi ya riƙa nomawa har ranar da aka maido masa kuɗinsa. Iyaka ita ce gamba da aka dasa, ko kuka, ko tsohuwar suri. Shaida ita ce bakin dattawa. In mutum ya yi ƙaura ya bar gonarsa ta zama saura shekara da shekaru, dagaci na iya ba wani. Ka ga ke nan, duk ranar da dattijon da ya san iyaka ya mutu, ko dagaci ya karɓi gaisuwa daga hannu biyu, rigima ta tashi.

Tsakanin manomi da makiyayi ma akwai ƙa'ida sananniya. Akwai burtali da shanu ke bi tsakanin gonaki, akwai mashaya, akwai hurumin gari da ba a nomawa. In an kawar da amfani, Bafillace ya sauka a gona shanunsa su ci kara su bar taki, wani lokaci har manomi ne ke ba shi dawa don ya daɗe. In kuwa shanu sun yi ɓarna da damina, a tura mutane su ƙiyasta, a biya. Alƙalai suna da abin da suke dogara a kai a fikihun Malikiyya, har cikin Risala da almajirai ke karantawa: ɓarnar da dabba ta yi da dare tana wuyan mai dabba, da rana kuwa mai gona ne ake sa ran zai tsare gonarsa, sai fa in makiyayin yana tare da dabbobin ya yi sakaci. Duk wannan Ahmadu ya gan shi da idonsa shekara huɗu a Rabah, ba a littafi ya karanta ba.

Sai jangali, wanda shi ne ƙashin bayan labarinmu. Jangali haraji ne da ake biya a kan kowane kan saniya. Ya girmi Turawa, har ma yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya zargi sarakunan Hausa da su a littafinsa Kitabul Farƙ. Turawa da suka zo ba su kashe shi ba, gyara shi suka yi suka mai da shi babbar hanyar kuɗin baitulmalin En'e. Da damina ake karɓarsa, lokacin da Fulani suka zauna wuri ɗaya a mashekari. Hakimi da malaminsa da dogarai su shiga daji suna neman garke, Fulani kuma su kora rabin shanun cikin duhuwa, ko su tsallaka wata gunduma, ko ma su haura ƙasar Faransa da dare. Ardo yana tsakiya, yana tsoron hakimi yana tsoron danginsa. Aiki ne da kuɗi ke wucewa hannu da hannu a tsakiyar daji, tsakanin mai karɓa da ya iya rubutu da mai biya da bai iya karanta rasit ɗin da aka ba shi ba. Irin wannan aiki, mai son cuta zai yi cuta, kuma mai son a ɗaure wani zai sami igiya.

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu. Ahmadu yana cikin masu neman gadon, amma aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar, wanda shi ne ke riƙe da sarautar Sardauna a lokacin. Sabon Sarki ya ba Ahmadu sarautar Sardauna, aka sa shi cikin majalisa, aka tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas. Gusau a lokacin gari ne mai tasowa, ga jirgin ƙasa, ga kantunan Turawa da Kwarori masu sayen gyaɗa da auduga, ga Yarbawa da Inyamurai ma'aikata da 'yan kasuwa. Sai kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Turawa suka matsa wa En'e-En'e lamba a kawo hatsi, a kawo sojoji, a kawo leburorin haƙar kuza a Jos. Saurayi mai jini a jika, mai Turanci a baki, wanda kowa ya san ya nemi sarauta bai samu ba, yana zaune nesa da fada da iko mai yawa a hannunsa: ba sai an gaya maka ba, masu kai gulma ba su rasa abin kaiwa ba.

A 1943 abin ya fashe. Aka tuhume shi da cin kuɗin jangali. Yadda shi ya ba da labarin daga baya a littafin tarihin rayuwarsa, wasu Fulani aka sa suka ce sun biya shi jangali, kuɗin kuma bai shiga baitulmali ba. Aka kira shi Sakkwato, aka yi shari'a a majalisar Sarkin Musulmi, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Mai karatu ka auna wannan: jikan Shehu, ɗan majalisar Sarki, ga shi za a kai gidan yari a kan kuɗin shanu. Da ya yi shiru ya karɓa, da yau ba mu san sunansa ba, don wanda aka ɗaure a kan kuɗin baitulmali ya yi sallama da aikin En'e har abada.

Bai karɓa ba. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu ta Turawa, abin da ba a saba gani ba ga ɗan sarauta a kan hukuncin Sarkin Musulmi. Aka saurari ƙarar a Zariya. Lauyan da ya tsaya masa kuwa Bayarabe ne, Bode Thomas, mutumin Oyo, saurayi da bai daɗe da dawowa daga karatun lauya a Ingila ba. Joji ya duba shaidun, ya rushe hukuncin, aka wanke Sardauna. Mu da ke zaune cikin Yarbawa ya kamata mu riƙe wannan a ka: ranar da Sardauna ya fi kowace rana buƙatar mai tsaya masa, ɗan Oyo ne ya tsaya. Daga baya siyasa ta raba su, Bode Thomas ya zama mataimakin Awolowo a jam'iyyar Action Group, ya rasu a 1953 yana da shekara 34.

Shari'ar ta ƙara wa Sardauna suna maimakon ta rage. Samarin da suka yi boko a Arewa, waɗanda suka gaji da yadda ake shari'a a fada, suka ɗauke shi nasu. Daga baya manya suka shiga tsakani, ya shirya da Sarkin Musulmi Abubakar, aka dawo da shi Sakkwato aka ɗora masa ayyukan ofishin En'e. A 1948 ya je Ingila ya ga yadda ake mulkin ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya zama minista a 1952, sannan a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Wannan hawan kowa ya san shi, ba za mu daɗe a kai ba.

A ganina, wanda ya taɓa tsayawa gaban kotun da mai ƙara da mai hukunci suke inuwa ɗaya ba zai manta ba. Ko wannan ne dalili ko matsin da ake yi wa Arewa gab da samun mulkin kai, a 1958 gwamnatinsa ta gayyato kwamitin masana shari'a, shugabansu Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani joji daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wasu manyan Arewa irin su Shettima Kashim. Daga shawararsu aka rubuta dokar laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, aka riƙa tura alƙalai kwas a Zariya. Ga manomi da makiyayi, ma'anar wannan ita ce satar shanu, shiga gonar wani da gangan, lalata amfani, sare saniya ko sa mata guba, duk sun zama laifuffuka rubutattu masu hukunci rubutacce, iri ɗaya daga Sakkwato har Makurɗi. Amma fa bai taɓa kotunan sarakuna ba, waɗanda a wurare irin su Kano su ne ke yanke shari'ar gona. Sai bayan rasuwarsa sojoji suka rushe su.

Babban aikinsa a kan ƙasa shi ne Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962. Don a gane ta sai an koma baya kaɗan. A 1908 Turawa sun zauna a Landan sun yi kwamiti a kan ƙasar Arewa, daga nan suka yi doka a 1910, suka sabunta ta a 1916, wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wanda ya mallake ta mallaka ta har abada, sai dai izinin zama da amfani. A Kudu ba haka aka yi ba: a nan ƙasa ta dangi ce da gari, ana saye ana sayarwa, lauyoyi suna ci. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, Sardauna yana iya buɗe kasuwar fili kamar ta Ikko. Bai buɗe ba. Dokar 1962 ta ɗauke ikon daga hannun Gwamna Bature ta ba Minista, ta raba izinin riƙo gida biyu: na gargajiya, wanda manomin ƙauye ke da shi ba tare da ko takarda ba, da na doka, wanda Minista ke bayarwa da satifiket na wasu shekaru. Sayarwa ko jinginar da fili mai satifiket sai da yardar hukuma. In gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar da za ta biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ƙasar kanta ba ta da farashi.

Alherin wannan doka a fili yake. Ita ta hana kamfanonin waje da masu kuɗin birni su saye ƙauyuka sukutum, kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya, inda manomi ya wayi gari lebura a gonar kakansa. Amma tana da ƙaya guda biyu, kuma ba za mu ɓoye su don muna ƙaunar mutumin ba. Ta farko, tun da ƙasar ba ta da farashi, ranar da gwamnati ta so gonarka sai ta ƙirga bishiyoyi da kunyoyin dawa ta ba ka abin da ta ga dama. Mutanen Bakolori sun ɗanɗani wannan a 1980, a jihar Sardaunan kansa, lokacin da rigimar diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye ta ƙare da harbin manoma. Ta biyu, dokar ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda ubansa ya fito daga wata ƙabila ta asalin Arewa. Duk wanda ba haka ba, ko a Sabon Garin Kano aka yanke masa cibiya, baƙo ne, ba ya riƙe fili sai da izinin Minista. A 1964, da siyasa ta yi zafi, har 'yan majalisa a Kaduna suka riƙa kira a karɓe satifiket ɗin Inyamurai. Masu kare Sardauna za su ce Arewa tana baya a boko da jari, in ba a yi shinge ba za a saye ta. Akwai gaskiya a ciki. Amma mu da aka haifi kakanninmu a Sabo ta Badun ko Agege ko Shagamu, kuma har yau in an zo maganar fili ake tambayarmu garinmu na asali, mun fi kowa sanin ɗacin kalmar baƙo in ta shiga takardar hukuma.

Ta fannin ciniki ma doka ce ke riƙe da manomi. Gyaɗa da auduga na fitarwa waje ba a sayar da su sai ta hannun Hukumar Sayen Amfanin Gona ta Arewa, wadda aka kafa a 1954. Ita ke yanka farashi kafin kaka, ejan-ejan masu lasin su saya mata, a tara buhuna dala-dala a Kano har jirgi ya kwashe zuwa Ikko. Farashin da ake ba manomi yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma da ita aka yi hanyoyi da makarantu da masaƙar Kaduna ta 1957 da Jami'ar Zariya ta 1962. Wato dai manomin gyaɗa ne ya gina Arewa, ba tare da an tambaye shi ba. 'Yan NEPU, mutanen Malam Aminu Kano, sun sha faɗar haka a dandali, suna haɗawa da haraji da jangali, wasunsu kuma sun sha ɗauri a kai.

To, ina makiyayi a cikin dokar 1962? Nan ne gizo ke saƙa. Manomi yana da gonar da za a nuna, da dattawan da za su shaida. Bafillacen da ke rani a fadama, damina a tudu, ba shi da abin nunawa sai al'ada. Ga jama'a tana ƙaruwa, ga gyaɗa tana kuɗi, sai aka fara nome burtali taƙi-taƙi, aka kewaye mashaya da lambu. Tun a 1954 wata tawagar Bankin Duniya da ta zagaya Nijeriya ta ba da shawarar a keɓe wa makiyaya wuraren da za su zauna. Gwamnatin Sardauna ta fara da lafiyar dabbobi: a 1962 aka soma babban gangamin allurar bushiya tare da Nijar da Chadi da Kamaru, cutar da tun zamanin kakanni take share garke a mako guda. Aka buɗe gandun kiwon shanu a Mokwa, aka gina masana'antar nama a Bauci.

Sannan a 1965 Majalisar Arewa ta zartar da Dokar Makiyaya. Wannan doka ta ba gwamnati da En'e ikon keɓe daji a ce wannan na kiwo ne. Akwai matakai: a ba da sanarwa, a naɗa jami'in da zai saurari duk mai da'awar yana da gona ko hakki a wurin, a auna, a kafa duwatsun iyaka, sannan a buga a gazet ɗin gwamnati. In an buga, noma ko farauta ko sa wuta a ciki ba da izini ba ya zama laifi. Niyyar ita ce a haƙa dam da rijiyoyi, a kai asibitin dabbobi da makaranta, Bafillace ya zauna ya daina yawo. Karo na farko ke nan da aka rubuta wa saniya wurin cin ciyawa a dokar ƙasar nan. Sunayen da muke ji har yau, Kachiya da Wase da Wawa-Zange da Bobi da dajin Zamfara da Ruma-Kukar Jangarai ta Katsina, duk 'ya'yan wannan shiri ne, wasu an fara su a zamaninsa, wasu bayansa.

Abin mamaki, mutumin da jangali ya kusa kai shi kurkuku bai soke jangali ba. Har ya bar duniya ana karɓa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: En'e da yawa, musamman masu yawan shanu irin su Barno da Sakkwato da Adamawa, da kuɗin suke biyan albashi, NPC kuma a kan En'e take tsaye. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu, aka yi ta murna. Amma na sha jin dattawan Fulani a kara suna cewa rasit ɗin jangali, duk da zafinsa, shi ne takarda ɗaya tak da ke nuna hukuma ta san da zamansu a gunduma, kuma hakimin da ke cin jangali ba ya yarda a nome burtali don kada shanun su bar masa ƙasa. Da aka daina karɓa, sai aka daina kula. Ban ce a dawo da shi ba, na dai faɗi abin da na ji.

Dokar Makiyaya ba ta shekara ba aka kashe mai ita. Daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka auka wa gidansa a Kaduna, suka harbe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A daren ne kuma aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Akintola da wasu manyan hafsoshi. Yana da shekara 55. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu. Gidan nasa shi ne Gidan Arewa na yanzu, inda ake ajiye takardun tarihi.

A 1967 aka yanka Arewa jiha shida, kowace ta gaji dokokinsa ta yi yadda ta ga dama da su. Ga yaƙin basasa, ga kuɗin man fetur, hankali ya bar daji. Makiyayun da aka zana a taswira sun haura 400, amma waɗanda aka kai ga bugawa a gazet ba su kai rabi ba, wanda kuwa ba a buga ba, a idon kotu daji ne kawai. Manoma suka shiga wasu, manyan mutane suka yanki wasu, wasu kuma, irin dajin Zamfara da na Ruma, suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Fari na 1973 da na 1984 suka ƙara tura shanu Kudu.

Dokar ƙasar kuwa ta yi tsawon rai fiye da yadda shi kansa zai zata. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya baki ɗaya, kuma ƙirar ta Arewa aka ɗauka: ƙasa tana hannun Gwamnan jiha amana, mutum izinin riƙo yake da shi, ƙaramar hukuma na iya ba da har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo. An cire maganar ƙabilar uba, an ce don dukkan 'yan Nijeriya. An kuma cusa ta cikin tsarin mulki, yadda gyara ta sai an gyara shi. Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa kai takardar gonar kaji ko ta shago banki, aka ce ya jira sa hannun Gwamna, to jikar dokar Sardauna ce ta tsayar da shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1989 cewa jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba, ba ta da ƙarfi.

Wasu baƙi sun ɗauka dokar 1978 ta 'yanta su daga masu ƙasa. A jihar Kwara, wasu Fulani da kakanninsu suka karɓi wuri a hannun wani gidan Yarbawa don kiwo da noma, suna biyan gaisuwar shekara da Yarbawa ke kira ishakole, sun kafa allo da ke nuna wurin ya zama nasu. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1991 ta yanke cewa dokar ba ta kashe hakkin mai ƙasa na gargajiya ba, wanda aka ba aro yana nan ɗan aro. Duk mai noma ko kiwo a ƙasar da ba ta kakansa ba, a Oke-Ogun ko a ina, wannan hukunci ya shafe shi.

Daga 2016 jihohi suka fara dokar hana kiwon sake: Ekiti, sai Binuwai a 2017, sai Oyo a 2019. A watan Mayu 2021 gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka amince a hana shi a duk jihohinsu, Ondo da Legas da wasu suka sa hannu a shekarar. Cikin wannan ce-ce-ku-ce ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya faɗa a wata hira ta talabijin a watan Yuni cewa ya sa a tono gazet ɗin Jamhuriya ta Farko mai ɗauke da burtaloli da makiyayu. Lauyoyin Kudu suka amsa masa cewa dokar da ake nufi ta Majalisar Kaduna ce ta 1965, kuma ikonta bai taɓa wuce iyakar tsohuwar Jihar Arewa ba, wato daga Offa ka gangaro ƙasar Oyo ta ƙare. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don kiwon dabbobi, kuma cikin abin da ta tarar a kan tebur har da waɗannan makiyayu da aka fara aunawa shekara kusan sittin da suka wuce ba a gama ba.